Gasara ko Rijiya: Wace Hanya Ɗalibin Fiziks Zai Bi?

Ranar wata Laraba bayan la'asar wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a ƙofar ofishina. Ɗan Argungu ne, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a fiziks, ya gama bautar ƙasa, yana ɗan koyarwa a wata makarantar kuɗi kafin Allah ya kawo mafita. Bayan mun gaisa ya gyara zama ya ce, "Malam, shawara nika biɗa. Malam na ofishin kusa da ku ya ce in taho in yi mastas wurinshi a jiyofiziks. Ni kuwa tun randa kunka zo muna da gasara cikin aji hankalina bai bar wurin ba. Wace za ni bi?"

Ba shi ne na farko da ya yi mini wannan tambaya ba, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar kowa ya samu. Amma mai karatu ya san da wa yake magana: ni ɗan ɓangare ne. Tiyorin tausasan abubuwa irin su gasara, wato bayyana halinsu da lissafi, na karanta a digirina na uku, a Turai, na dawo gida Kebbi ina koyarwa. Maƙwabcin nawa kuwa, wanda bango kawai ya raba ofisoshinmu, a nan gida ya yi karatunsa duka, a kan jiyofiziks, wato binciken ƙarƙashin ƙasa. Kusan lokaci ɗaya muka kama aiki. Don haka rayuwa biyu ce nake kallo kullum, tawa daga ciki, tasa ta taga.

Abin da na yi a ajin nan ba wani abin a zo a gani ba ne. Gasarar masara na karɓo daga gida, wadda aka tace aka bari ta kwanta aka tsiyaye ruwan sama, na juye a faranti. Na ce wani ya tsoma yatsa a hankali, ya nutse kamar cikin kunu. Na ce ya kai mata naushi, hannunsa ya tsaya a sama kamar ya bugi daɓe. Ya damƙo ya murza, ta dunƙule kamar ƙwallon fura. Yana buɗe hannu ta narke ta bi tsakanin yatsu. Duk mai dama koko ta san halin gasara, shi ya sa ba ta gaggawa da ludayi in za ta ɗeba. Dalilin ne ya daɗe yana ba masana wuya. Bayanin da akasarinsu suka karɓa yau bai tsufa ba: a 2014 Matthieu Wyart da Michael Cates suka fitar da wani ɗan gajeren lissafi da ke cewa, in ana motsa ƙwayoyin sitaci a hankali akwai siririn ruwa da ke raba su, sai su riƙa zamewa a kan juna, in matsi ya wuce wani mizani sai su haɗu jiki da jiki, gogayya ta shigo, su cushe kamar jama'a a ƙofar fita daga filin Idi. Shi wannan Cates, tun 2015 yake kan kujerar farfesan lissafi ta Jami'ar Kambirij, wadda Newton da Hawking suka zauna a kanta. Na kan faɗa wa ɗalibai haka don kada su ɗauka wasan yara ne.

Fannin ya ƙunshi duk abin da ba ruwa ba ne sosai kuma ba sandararre ba ne sosai: kindirmo, kumfar sabulu, lakar gini, yauƙin kuɓewa, roba, man shafawa, jini, har da abin da ke cikin gilashin waya da ke fitar da hoto. Abin da ya haɗa su shi ne, tubalan da aka gina su da su manya ne ƙwarai in an gwada da ƙwayar zarra, kuma riƙon da suka yi wa juna sako-sako ne, ɗumin ɗaki ko taɓin yatsa ya isa ya sauya musu hali. Bafaranshen nan Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya ci kyautar Nobel a 1991, shi ya fi kowa ɗaga sunan fannin, kuma yakan ba da misali da tawadar mutanen dā. Almajiri ba ya buƙatar a fassara masa wannan. In ka dama baƙin tukunya da ruwa kaɗai, kafin gobe ya dunƙule ya kwanta a gindin kurtu. Ka sa ƙaro, tawada ta zauna. Dogayen zaren da ke cikin ƙaron ne ke lulluɓe kowace ƙwayar baƙi su hana ta manne wa 'yar'uwarta. Da wannan dabarar ake haɗa fenti da magungunan sha na yara.

To me mai tiyori ke yi tun safe har yamma? Yana neman mafi ƙanƙantar lissafin da zai faɗi halin abu, ya yar da duk abin da ba dole ba. Ɗauki yauƙi. Dogon zare ne mai gaɓoɓi dubbai, a cukurkuɗe cikin ruwa. In kowace gaɓa na juyawa inda ta ga dama, kamar tafiyar makaho ba sanda, zare mai gaɓa 10,000 faɗin dunƙulensa bai wuce tsawon gaɓa 100 ba. In kuma ka tuna cewa zare ba ya ratsa kansa, kamar yadda Paul Flory ya lissafa, dunƙulen ya kumbura zuwa wajen 250. A 1971 de Gennes ya ce zaren da ke cikin cunkoson 'yan'uwansa ba ya iya tafiya gefe, sai dai ya saɓule ta tsawonsa kamar maciji a cikin ciyawa. Daga wannan hoto kaɗai aka ciro cewa in ka ninka tsawon zare sau 2, kaurin narkakkiyar roba zai ninku sau 8. Masu awo a ɗakin gwaji suka samu ya haura 10 kaɗan. Wannan ɗan bambanci ya ci shekarun mutane da dama, kuma ba su yi da-na-sani ba. Wanda ya ji wannan labari ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, to ya ci gaba da karatu da kunnen basira. Wanda ya ce "to sai me?", bai yi laifi ba, amma ya riga ya sami rabin amsarsa.

Maƙwabcina kuwa, da safen Asabar za ka gan shi yana loda kaya a bayan mota: na'urar auna juriyar ƙasa ga lantarki, batir, naɗin waya huɗu, turakun ƙarfe, guduma, da ɗalibai biyu ko uku. Su je ƙauye, su kafa turaku, su tura lantarki cikin ƙasa, su riƙa buɗa tazarar turakun don lantarkin ya ƙara nutsawa, suna rubuta lambobi. Da dare ya zuba su a kwamfuta, ta zana masa inda yashi yake, inda yumɓu yake, inda ake sa ran ruwa. A arewacin Kebbi, inda ƙasa shimfiɗaɗɗen yashi da yumɓu ce irin wadda masana suka laƙaba wa sunan Gwandu, ruwa ba ya ɓuya sosai. Amma ka gangara Zuru da Yawuri, ko ka shiga yawancin Zamfara, dutse ne a ƙasa, ruwa sai a tsaga ko inda dutsen ya rube. A nan, haƙa rijiyar burtsatse ba tare da awo ba caca ce, kuma wanda ya taɓa biyan kuɗin busasshiyar rijiya ba ya sake kuskuren. Ga kuma zinariya a yankin Anka da Maru, da masifar gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mai jiyofiziks ba ya wahalar bayyana wa kawunsa amfanin karatunsa. Ni har yau in an tambayi mahaifiyata aikina cewa take, "Shina koyarwa." Ranar da ta gan ni ina wasa da kayan kokonta cewa ta yi, "Mi kaka yi da gasarata? Wanga shi na karatun Turai?"

Maganar da aka fi yi wa yara ita ce tiyori ba ya cin kuɗi, biro da takarda sun isa, saboda haka shi ya dace da talakan jami'a irin tamu. Rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya ɓatar da mutum. E, kayan aikin ba su da tsada. Kwamfutar cinya mai ɗan ƙarfi ta isa fara aiki. Manhajar LAMMPS da ake kwaikwayon motsin dubban ƙwayoyi da ita kyauta ce. Sababbin maƙalu kullum suna fitowa a rumbun arXiv, wanda aka buɗe tun 1991, ba a biyan ko kwabo, kuma akwai sashe na musamman na tausasan abubuwa. Mujalla irin Physical Review E ba ta tilasta maka biyan kuɗin bugawa. Shi kuwa maƙwabcina na'urarsa ɗaya ta fi duk abin da ke ofishina tsada, ga mai, ga abincin yara, ga ɗan abin gaisuwa wajen mai gari.

Abin da tiyori ke ci ba a sayen sa a kasuwa. Na farko abokin muhawara. Shekarar da na dawo, na yi mako uku ina fama da wani lissafi da ya ƙi daidaita da abin da kwamfuta ke ba ni. Na sake shi ya fi sau goma. Ashe alamar ɗebewa ce guda ɗaya na mayar ta tarawa tun a shafi na biyu. Inda na yi karatu, da na rubuta shi a allon da ke bakin ɗakin shayi, kafin ruwa ya tafasa wani ya nuna mini da yatsa. A nan babu wanda zan nuna wa, ba don abokan aikina ba su da kai ba, don kowa da inda ya sa gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a tiyori jinkar ba ta ganuwa balle wani mai wucewa ya kama maka.

Na biyu shi ne lokaci mara yankewa. Aikin fili yana yankuwa gunduwa-gunduwa: Asabar awo, Lahadi da dare fassara, wani makon rubutu, ɗalibai na ɗaukar rabin nauyi. Tunanin tiyori kamar dahuwar ganda ne, in ka janye wuta kowane rabin sa'a ba za ta nuna ba. Lakcara a jami'o'inmu kuwa yana da ajin 'yan shekarar farko mai ɗaruruwan kawuna, da tulin takardun jarrabawa, da kwamiti, wani lokaci a ɗora masa haɗa sakamakon sashe gaba ɗaya. Ni sai bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas nake samun kaina. In faɗi abin da ba a so a ji: yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022, wanda ya jefa mu cikin bashi ya ɓata wa ɗalibai shekara, shi ne lokacin da na yi aikin da na fi alfahari da shi tun dawowata. Wannan ba yabon yajin aiki ba ne, awon ciwon ne.

Wuta ma magana ce, amma ƙarama. Na taɓa barin kwamfuta tana kwaikwayon motsin ƙwayoyi kwana uku, aka ɗauke wuta, batir ya mutu cikin zafin Afrilu, komai ya tafi. Laifina ne, ban sa shi ya riƙa ajiye inda ya kai ba. Faifan sola biyu da inbata sun kashe wannan matsalar.

A wajen ƙarin girma, babu ɓoye-ɓoye, jiyofiziks ya yi gaba. Tsanin ɗaya ne ga kowa: mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, galibi da tazarar aƙalla shekara 3 tsakanin mataki da mataki, kuma kwamiti ƙirga maƙalu yake yi. Fita fili ɗaya mai kyau tana iya haifar wa maƙwabcina maƙala biyu, ga ɗaliban mastas da ke tururuwa wurinsa kowa da garin da zai auna. Ni in na fitar da ɗaya mai nauyi a shekara na gode Allah. Ya riga ni zama babban lakcara, ya riga ni gina gida, domin masu haƙar rijiya na kiran sa aiki a biya shi. Ban taɓa jin wanda ya kira mai tiyori ya biya shi don ya bayyana masa yauƙin karkashi ba.

Sai dai kowane ɓangare yana da ramin da malalaci ke faɗawa. A nasu, maƙala ɗaya ce ake ta maimaitawa, sunan ƙauye kawai ake sauyawa, ba sabuwar tambaya, ba komawa a duba ko rijiyar da aka haƙa ta ba da ruwan da aka yi alkawari. A namu, a ɗauko tsohon lissafin da aka warware tuntuni, a ɗan karkata masa wutsiya, a sake warware shi da dabarar da aka saba, a buga a mujallar da ba mai karantawa. Duka biyun suna kai mutum farfesa. Wanda farfesan kawai yake so, kowace hanya ya bi zai isa, ta fili ta fi sauri.

Akwai abu ɗaya da ya juya lissafin a shekarun nan, wato tsaro. Wuraren da suka fi ban sha'awa ga mai binciken ƙasa, dazukan Anka da Maru da wasu sassan masarautar Zuru, su ne wuraren da mai hankali ba ya zuwa ya shimfiɗa waya mita ɗari biyar ya yini a fili. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba ta ɗage ba sai ƙarshen 2024. Ɗalibai da yawa yanzu a cikin gari suke awo, ko su sayi bayanan maganaɗisun ƙasa da aka ɗauko ta jirgin sama daga hukumar binciken ƙasa ta tarayya su yi aiki a tebur. Wato shi ma jiyofiziks ɗin yana komawa aikin kwamfuta da lissafi. Mai tiyori dai ba ya neman rakiyar 'yan banga kafin ya fita aiki.

Yanzu ga inda hanyoyin suka rabu da gaske: wa zai koyar da kai? Jiyofiziks yana da malamai a Sakkwato, Zariya, Minna da nan kusa. Yaro zai yi mastas da dakta yana kwana gidan ubansa ko ɗakin matarsa, yana karɓar albashi in ya sami gurbi. Tiyorin tausasan abubuwa kuwa, ban ba kowa shawarar ya yi digiri na uku a kansa a hannun malamin da ba fanninsa ba ne, komai kirkin malamin. Sana'a ce ta gani da ido, kamar ƙira. Littafi zai ba ka lissafi, amma sanin wace tambaya ce ta isa a kashe mata shekara, da sanin abin da za a yar a lissafi ba a yi ɓarna ba, sai ka zauna kusa da maƙeri. Don haka wanda ya zaɓi wannan hanya ya zaɓi tafiya.

Ƙofofin tafiyar sanannu ne. Cibiyar ICTP da ke Tiriyaste a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya tun 1991 don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Ita ke biyan jirgi da kuɗin zama, kuma manufarta ta shirya ka shiga digiri na uku a wani wuri. Akwai cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, AIMS, da aka fara a Kef Tawun a 2003, mai rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, ita ma kyauta ga wanda aka ɗauka. A gida akwai jami'ar AUST a Abuja mai sashen tiyorin fiziks, wadda ke iya zama matakala. Daga nan sai digiri na uku: a Jamus ko Holan ɗalibin dakta ma'aikaci ne mai albashi, shekara 3 zuwa 4, a Amurka ya kai 5 ko fiye. Wanda ya riga ya kama aikin jami'a a da yana dogara da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, amma a ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai karatu waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ke tafiya ba su dawo ba.

A yi lissafin shekaru da gaskiya. Difloma 1, dakta 4, sannan aikin bincike na kwantiragi da ake kira fosdok, shekara 2 ko 3, sau ɗaya ko sau biyu, kowanne a wata ƙasa dabam. Yaron da ya fita yana da 25 zai waiwayo ya ga 35 ta gabato, ba shi da kujerar dindindin, domin a can kujerun kaɗan ne, masu nema kuwa daga duk duniya. Cikin shekarun nan za a yi bukukuwa da jana'izu ba ya nan. Mahaifina ya rasu ina shekara ta uku a waje, na iso bayan an yi addu'ar bakwai. Wannan ba ya cikin takardar neman gurbi, amma yana cikin farashi. Ga ɗiya mace nauyin ya fi haka, don sai gida ya yarda, ko miji ya yarda ya bi ta ko ya jira. Na ga wadda ta fi duk ajinsu kai ta tsaya a nan, ba don lissafi ya gagare ta ba.

Abin da ke rage zafin cacar shi ne, wanda bai sami kujerar jami'a a can ba ba ya rasa abin yi. Kamfanonin abinci, sabulu, fenti, magunguna da man fetur duk tausasan abubuwa suke sarrafawa, kuma wanda ya iya lissafin ƙididdiga da rubuta manhaja ana neman sa a aikin bayanai. Sai dai akasarin waɗannan ayyuka ba a Birnin Kebbi ko Gusau suke ba. Mai jiyofiziks in ya bar jami'a, ma'aikatar ruwa da kamfanonin haƙa suna nan a gida.

Kada a ɗauka cewa fannin na Turawa ne kaɗai. A Bangalor ta Indiya, a 1977, Sivaramakrishna Chandrasekhar da abokan aikinsa suka gano wani sabon nau'in ruwa mai tsarin lu'ulu'u, kuma a garin ne Sriram Ramaswamy ya zama ɗaya daga cikin jagororin nazarin abubuwa masu motsa kansu, irin garken dabbobi da ƙwayoyin cuta. Abin lura shi ne ba mutum ɗaya ya yi ba, gungu suka gina, shekara da shekaru. Mu ma tambayoyin suna bakin ƙofarmu. Na tambayi ɗalibin nan me ya fi damun mahaifinsa a fadama, ya ce tsuntsun nan jan-baki. Garken jan-baki da ke juyawa a sama kamar hayaƙi kafin ya sauka kan shinkafa, ba shugaba ba mai ba da umarni, shi ne ainihin abin da Tamás Vicsek ya yi wa ɗan lissafi a 1995. Ƙungiyar Giorgio Parisi, wanda ya ci Nobel a 2021, ta ɗauki hotunan garken tsuntsaye a sararin birnin Rum ta gano cewa kowane tsuntsu maƙwabta 6 ko 7 kawai yake lura da su, komai nisansu. Ga manyan rumbunan ƙarfe na kamfanonin shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi: tun 1895 injiniya Janssen ya nuna cewa hatsi ba kamar ruwa ba ne, in ka ci gaba da zubawa nauyin da ke kan gindin rumbu yakan tsaya a wani mizani, bango ne ke ɗaukar sauran ta hanyar gogayya. Shi ya sa rumbu ta gefe yake fashewa, kuma shi ya sa hatsi ke toshe mazurari ya ƙi sauka. Ba na cewa lissafi zai kori jan-baki daga gonar kowa bana. Ina cewa wanda ya tashi a nan ba ya rasa abin da zai tambaya.

Wani zai ce a haɗa biyun mana. Taura biyu ba ta taunuwa a digiri ɗaya, amma akwai inda suka yi iyaka da juna. Lakar bentonait da masu haƙar rijiya ke zubawa a rami tausasshen abu ce ta gaske: tana gudu in famfo na tura ta, ta daskare ta riƙe tsakuwa in an tsaya. Yadda ruwa ke ratsa yashi da tsagar dutse, da yadda guba ke bin sa, lissafin ƙididdiga ne irin namu. Ɗalibin da ya yi jiyofiziks a gida ya riƙe lissafinsa da kyau zai fi takwarorinsa nesa ba kusa ba, kuma ICTP tana da tsarin da ɗalibin dakta ke rajista a jami'ar ƙasarsa yana zuwa can wata-wata wurin malami na biyu. Ga wanda tafiyar shekara goma ba ta yiwu masa, wannan ita ce hanyar da na fi nuna wa.

Ga yadda na yanke wa ɗalibina. Na ce, "Kai ne babba a gidanku?" Ya ce a'a, yana da yayye biyu masu aiki. "Akwai maganar aure a ƙasa?" Ya sunkuyar da kai ya ce ba a kai ga sa rana ba. Da ya ce mini shi ke ciyar da gida, da ban bari ya ƙarasa ba zan tura shi ofishin maƙwabcina, in kuma ce ya riƙa zuwa muna lissafi da yamma. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma aikin samar wa ƙauye ruwa ba abin rainawa ba ne. Da kuma na san shi da son fita da hulɗa da jama'a, mai gundura da zama wuri ɗaya, nan ma haka. Tunda yana da sarari, saura abu ɗaya, wanda daraja ta ɗaya ba ta nuna shi, don jarrabawarmu hadda ta fi aunawa: shin yana iya zama da tambayar da ta ƙi buɗuwa har mako biyu bai tsane ta ba?

Na yage takarda na rubuta masa tambaya uku. Ya nuna dalilin da ya sa tafiyar makaho mai taku 10,000 ke ƙarewa a nisan taku 100. Ya ciro lissafin Janssen da kansa, daga yanka hatsin rumbu faifai-faifai da daidaita nauyi da gogayyar bango. Ya rubuta 'yar manhaja ta tsuntsaye 200 da kowanne ke bin alkiblar maƙwabtansa da ɗan kuskure, ya gaya mini abin da ke faruwa in kuskuren ya yi yawa. Na ce kada ya nemo amsa a intanet, don kansa zai cuta ba ni ba.

Bayan kwana 17 ya dawo da littafin rubutu duk ya yi datti. Ta farko daidai. Ta biyu ya ɓatar da ninki biyu wajen kewayen bango, na nuna masa da yatsa, ya dafe kai. Ta ukun a wayar yayansa ya fara rubuta ta kafin ya ari kwamfuta, tsuntsayen suna fita ta gefen allo ba su dawowa, sai ya ƙirƙiro dabarar mayar da su ta ɗaya gefen, bai san cewa haka kowa ke yi ba. Na rubuta masa takardar shaida zuwa Tiriyaste da AIMS a daren. Na kuma sa shi ya sayi fom ɗin mastas na jiyofiziks, maƙwabcina ya ce zai riƙe masa gurbi har a ji amsa. Takardar sakamakonsa ta jami'a, wadda duka wuraren uku ke nema, yau mako biyar ke nan tana kan teburin wani jami'i ana jiran sa hannu, gobe da safe zan taka da kaina.